Ƙungiya Ko Tauraro? Kiɗan Rok, Makaɗan Hausa da Hannun Kasuwa

Tsakure

Takardar ta dubi takun-saƙar da ke tsakanin basirar makaɗa da buƙatar masu cin abinci da waƙa. An ɗauko misalai daga manyan ƙungiyoyin kiɗan rok na Ingila da Amurka, da na Legas a shekarun 1970, da masu jita na Jamhuriyar Nijar, aka gwama su da makaɗan baka na ƙasar Sakkwato da Kabi. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, duk inda kuɗi mai kauri ya shigo sha'anin kiɗa, ƙungiya ce ke fara jin jiki kafin waƙa. Kasuwa takan ɗaga mutum ɗaya, ta bar waɗanda suka gina sautin tare da shi ba suna ba kaso.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya ji za a yi maganar kiɗan rok a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, yana da damar ya ce mai takarda ya yi ɓatan kai. Kiɗan nan a Amurka ya taso cikin shekarun 1950, tushensa kiɗe-kiɗen baƙar fatar ƙasar, ya ƙetara Ingila ya yi ƙarfi a shekarun 1960. Kayansa jita mai lantarki ne da jita mai kaurin murya da jerin ganguna. Babu ɗaya cikinsu da ya yi kama da kotso ko taushi. Amma manazarci ba kayan kiɗa kaɗai yake kallo ba. Abin da ya bambanta rok da waƙar da kamfani ke rubuta wa mawaƙi ya rera shi ne tsarin mutanensa: mutum huɗu ko biyar ne ke zama wuri ɗaya, su ƙirƙiri waƙarsu, su kaɗa ta da hannunsu, su yi yawo da ita gari gari. Bahaushen da ya san yadda Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ke aiki da mutanensa, wannan tsari ba baƙo ba ne gare shi. A nan ne dangantakar take, kuma a nan ne ciwon ya zama iri ɗaya.

2.0 Yadda ta kasance da manya

A fara da Beatles, tunda babu ƙungiyar da ta kai su tasiri. Yarjejeniyar farko da suka yi da kamfanin EMI a 1962 ta ba su kwabo ɗaya na tsohon kuɗin Ingila a kan kowane ƙaramin faifai da aka sayar, su huɗu su raba. A 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs domin ya riƙe haƙƙin waƙoƙin John Lennon da Paul McCartney, amma kason da ya fi tsoka yana hannun ɗan kasuwar da ya shirya takardun, Dick James, da abokin cinikinsa. A 1969 James ya sayar da kasonsa ga kamfanin ATV ba tare da ya shawarci samarin ba. A 1985 Michael Jackson ya saye sashen waƙoƙi na ATV a kan dala miliyan 47.5, ya zama McCartney na rera waƙar da ya rubuta da hannunsa, wani can na karɓar kuɗinta.

Wannan labari sananne ne, kuma yawanci a nan ake tsayawa a ce kamfani ya cuci mai fasaha. Ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne abin da ya faru a cikin gida. Tun da Lennon da McCartney ne ke da sunan rubuta mafi yawan waƙoƙi, su ke kwasar kuɗin rubutu, George Harrison da Ringo Starr na biye da abin da ya samu. Da manajansu Brian Epstein ya rasu a 1967, sai rigimar wa zai riƙe asusu ta kunno kai: uku suna son Allen Klein, McCartney yana son surukinsa Lee Eastman. Ranar 31 ga Disamba, 1970, McCartney ya shigar da ƙara kotu a raba tarayyar. Basirarsu ba ta ƙare ba, domin kowannensu ya ci gaba da fitar da waƙa bayan haka. Zaman tare ne ya gagara.

Na Creedence Clearwater Revival ya fi ban takaici. Ƙungiyar ta watse a 1972 bayan sauran sun gaji da yadda John Fogerty ya haɗa rubutu da rerawa da shugabanci duk a hannunsa, shi kuma haƙƙin waƙoƙinsa ya tafi ga kamfanin Fantasy. Da ya fitar da sabuwar waƙa shi kaɗai a 1985, kamfanin ya maka shi kotu, wai sabuwar ta yi kama da wata tsohuwar waƙarsa wadda yanzu mallakar kamfani ce. A taƙaice, an tuhume shi da satar fasahar kansa. A 1988 ya shiga kotu da jitarsa, ya zauna a kujerar shaida yana kaɗawa yana nuna wa masu yanke hukunci bambancin waƙoƙin biyu, ya yi nasara. Sai a 2023 ya iya saye rinjayen haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta fiye da shekara 50 baya.

Nirvana kuwa ƙoƙari suka yi su ja da kasuwa ido da ido. Kundinsu Nevermind na 1991 ya yi cinikin da ya ture Michael Jackson daga saman jadawali a farkon 1992. Maimakon su maimaita abin da ya karɓu, sai suka nemi Steve Albini ya naɗa musu In Utero cikin kimanin mako 2, da sauti mai kaushi, ba kwalliya. Albini ya karɓi ladan aikinsa sau ɗaya, ya ƙi karɓar kaso daga cinikin faifan, domin a ganinsa wannan haƙƙin makaɗa ne. Mutanen kamfani ba su ji daɗin abin da suka saurara ba, daga ƙarshe aka sake tace waƙoƙin da za a kai gidajen rediyo. To amma ko su, a 1992 saura ƙiris su watse lokacin da jagoransu Kurt Cobain ya nemi a sake rabon kuɗin rubutu ya ɗauki kaso mafi yawa, har da na cinikin da aka riga aka yi.

A ɗaya ɓangaren akwai R.E.M. da U2, waɗanda tun farko suka yarda a sa sunan kowa a waƙa, a raba daidai. R.E.M. sun yi daga 1980 zuwa 2011 suka rabu lafiya. U2 har yau mutum huɗun nan ne na ƙarshen shekarun 1970. Misali biyu ba su isa kafa doka ba, amma sun isa su sa a yi tunani.

3.0 Legas, a gurguje

Najeriya ta yi nata zamanin rok, bayan yaƙin basasa. Akwai BLO, akwai Funkees daga Aba, akwai Ofege, 'yan makarantar St. Gregory's a Legas, waɗanda EMI ta fitar musu da Try and Love a 1973. A shekarar ce Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi Band on the Run, har mawaƙi Fela ya zarge shi da zuwa kwasar kiɗan Afirka. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, shi ma ya buɗe situdiyo a garin. Zamanin bai yi tsawon rai ba. Kamfanoni suka juya ga kiɗan disko da mawaƙi guda mai kyan hoto a bangon faifai, domin ya fi sauƙin talla kuma ya fi arahar ɗauka. Funkees suka koma Landan suka watse a can. Kaset ya zo, masu kwafi ba izini suka cinye ribar, manyan kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka tafi. Yau faifan waɗannan ƙungiyoyi a Turai da Amurka ake sake buga su, masu tara tsoffin faifai na saye da tsada.

4.0 Ƙungiyar makaɗan Hausa

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne gida.

Mun saba cewa waƙar Narambaɗa, waƙar Jankiɗi, waƙar Ɗanƙwairo, waƙar Ɗandawo, kamar mutum ɗaya ne ya zauna ya yi ta. Duk wanda ya kasa kunne da kyau ya san ba haka abin yake ba. A waƙar fada ta ƙasar Sakkwato, jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai furta ba, sannan su gangaro kan gindin waƙa daidai inda kiɗa ya faɗi. Kuma su ɗin ne dai ke riƙe da kotso ko taushi, baki na aiki hannu na aiki. Wannan ba ya yiwuwa sai an yi zaman gida an tsara, an maimaita, an yi gardama, an zubar da wani ɗa an ɗauki wani. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi bayanin waɗannan dabaru na amshi da ƙari da karɓeɓeniya a ayyukansa, ba sai na maimaita ba. Abin da nake so a riƙe shi ne, ɗan amshin fada abokin ƙira ne. In ka cire shi, abin da ya rage ba waƙar da muka sani ba ce.

Sannan makaɗin Hausa bai taɓa riya cewa ya fi ƙarfin abin hannu ba. Roƙo yana cikin sana'ar, a fili ake yin sa, sanƙira na gefe yana shelar wanda ya ba da doki da wanda ya ba da riga. Saboda haka zargin da masoya rok ke yi wa gwanayensu, cewa sun sayar da kansu don kuɗi, ba shi da wurin zama a nan yadda yake da shi can. Makaɗin fada yana da ubangida, kowa ya sani. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Wannan tsari yana da takunkuminsa: ba ka zagin mai ba ka, zambo na abokan hamayyarsa ne, gaskiyar da ba ta yi wa fada daɗi ba sai dai a sakaya ta cikin habaici. Amma yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Ubangida ƙungiya yake ciyarwa gaba ɗaya. Hatsi da sutura da muhalli suna isa ga mutum shida ko takwas, su samu sukunin zama shekara da shekaru suna goge sauti ɗaya har ya yi sheƙi. Rabo ba daidai yake ba, jagora ke ɗaukar babban kaso, amma kowa ya san nasa, kuma a gaban idonsa aka bayar.

Faifai ne ya fara sauya lissafin. Kamfanoni irin su EMI sun naɗi Mamman Shata da wasu manyan makaɗa. Faifan garmaho na farko minti 3 ko ƙasa da 4 yake ɗauka a fuska ɗaya, alhali waƙar baka ba ta da iyaka sai inda taro ya tsaya. Dole a datse. Kuma a jikin faifan suna ɗaya ake bugawa. Kyautar da aka yi a fili ta ƙare a fili, amma faifai yana ci gaba da kawo kuɗi bayan an tashi daga wasa, kuma tambayar wa ke da wannan kuɗi babu al'adar da ta tanadi amsarta.

4.1 Gambu

Ba zai yiwu ba a yi wannan magana a kusa da Fagada ba tare da an ambaci ɗan garin, Alhaji Muhammadu Gambo, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, ba. In ana neman Bahaushen da ya yi abin da ake yaba wa 'yan rok da shi, wato fita daga layi da taɓa abin da jama'a ke kauce wa, to ga shi nan a ƙofar gida. Sauran makaɗa sun zaɓi sarakuna, ko 'yan dambe kamar Ɗan Anace, ko 'yan tauri da mafarauta kamar Kassu Zurmi. Shi ya zaɓi mutanen da babu mai son a gan shi da su. Ya wasa su da irin salon da ake wasa jarumai, yana tafe yana shaguɓe ga manyan da ke tasu satar a zaune. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi nazari mai zurfi a kan waƙoƙinsa, ya nuna irin hikimar harshe da sanin halin ɗan Adam da ke cikinsu.

Ba kare sata nake yi ba, balle a wannan zamani da 'yan bindiga suka hana yankinmu barci. Batuna shi ne yadda kasuwa ta yi da shi. Waƙarsa ba irin wadda gidan rediyon gwamnati zai sa da rana tsaka ba ce, don haka kaset ne ya ɗauke ta ya kai ta tasha da kasuwa da cikin mota. Mafi yawan masu sauraronta ba ɓarayi ba ne. Direbobi ne da 'yan tireda da manoma da ɗalibai, masu jin daɗin azanci da ban dariya da tsoratarwar da ke ciki. Masu kwafin kaset sun ci, ba tare da wata takarda ta haɗa su da mai waƙar ba. Kuma kasuwa ta rufe shi a akwati ɗaya. Da ya bayyana cewa ya tuba ya bar waƙar ɓarayi, laƙabin bai bar shi ba, tsoffin kaset ɗin ne aka ci gaba da nema, har ya rasu a 2016 da wannan suna. Mutum ya mallaki bakinsa, amma bai mallaki abin da bakin ya riga ya faɗa a cikin na'ura ba.

Ga kuma tambayar da nake so wannan zaure ya gwada amsawa a zuci: mu da muka haddace waƙoƙin Gambu, mutum nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan makaɗansa da 'yan amshinsa? Ƙauyukansu ba su da nisa da inda muke zaune.

5.0 Fiyano ya shigo

Abin da ya ƙarasa ƙungiya a waƙar Hausa ta zamani ba mugunta ba ce, arha ce. Daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyo. Na'ura ɗaya tana fitar da sautin ganga da sarewa da goge da abin da ya fi haka. Furodusan fim da ke neman waƙa 4 ko 5 cikin gaggawa ba shi da dalilin tara mutum takwas ya ciyar da su.

A dubi yadda ake aikin yau. Mawaƙi ya shigo ɗaki da baitocinsa a waya. Ya rera karin sau biyu, mai kiɗa ya saurara, ya taɓa fiyano, ya jera bugun a kwamfuta. Mawaƙi ya shiga ɗan ƙaramin ɗaki ya ɗora murya, a kira mai amshi, sau da yawa mace, ta ɗora tata, wani lokaci ba su ma haɗu da juna ba. A bi da na'urar gyaran murya a daidaita inda aka kauce. Kafin la'asar waƙa ta fito. Mai kiɗa an sallame shi, mai amshi an sallame ta, daga ranar ba su da sauran alaƙa da waƙar ko da za ta shekara goma ana jin ta. Shi kansa mawaƙin, a zamanin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke riƙe da harkar, sau da yawa sayar da aikin yake yi ɗungurungum. Mutanen Aliero sun san wannan ciniki: manomin da buƙata ta sa ya sayar da albasarsa a bakin gona lokacin da ta yi yawa, ya bar wa mai ajiya ribar da za ta zo bayan wata huɗu.

Bayan kaset da faifan CD sai memori. A kasuwar Jega, kamar kowace babbar kasuwa a Arewa, za ka tarar da saurayi da kwamfutarsa a kan tebur yana tura wa mutane waƙoƙi ɗari ɗari a waya. Ba na ganin laifinsa fiye da na tsarin da ya haife shi. Amma sakamakon a bayyane yake: tun da waƙar kanta ba ta kawo kuɗi, sai mawaƙi ya koma inda kuɗin yake, wato biki da siyasa. Ubangida ya dawo ta ƙofar baya, sai dai wannan karon na kakar zaɓe ɗaya ne, kuma mutum ɗaya yake sallama. Yanzu kuma ga TikTok, inda rabin minti na waƙa ya fi sauran jikinta daraja. Ina da yaƙinin cewa akwai matasa masu basira ƙwarai a wannan fage, wasu baitocinsu ba su da makusa. Abin da na kasa samu shi ne sautin da za ka ji ka ce wannan na mutanen wane ne, yadda kunne ke rarrabe kotson Ɗanƙwairo tun kafin a buɗe baki. Na'ura ɗaya ce ke yi wa kowa kiɗa.

6.0 Sakkwato, 2008

Abin mamaki, ɗaya daga cikin fitattun masu jitar rok na duniya a yau, daga irin wannan situdiyo ya fara, kuma a Sakkwato. Mahamadou Souleymane, wanda aka sani da Mdou Moctar, Buzu ne daga Jamhuriyar Nijar, bahago, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon waƙoƙin finafinan Hausa: bugun na'ura da murya mai gyara, amma da harshen Buzaye. A lokacin ba a buga kundin a kamfani ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta Bluetooth da memori har ya kai Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita.

Daga nan tafiya ta miƙe. Ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu, da Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim da Ba'amurke Mikey Coltun. Kamfanin Matador na Amurka ya fitar musu da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, kundaye masu zafin suka ga abin da Faransa da kamfanonin haƙar yuraniyom suka yi wa Nijar. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ya same su suna wasa a Amurka, aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida na wani lokaci.

Abu biyu nake so a lura da su. Na farko, sautin Sakkwato bai bi shi zuwa Amurka ba. Kasuwar waje ta riga ta san abin da take so daga Sahara tun bayan ƙungiyar Tinariwen, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, da Bombino na Agadas: rawani, rairayi, jita mai kuka. Muryar na'ura irin ta Kano ba ta cikin wannan hoto. Ba ina cewa an tilasta masa ba ne, domin jita da ganga masu zafi su ne abin da ake kaɗawa a bukukuwan Agadas tun kafin wani Bature ya zo. Amma cikin fuskoki biyu da yake da su, kasuwa ce ta zaɓi wadda duniya za ta gani. Na biyu, ko da yake mutum huɗu ne ke aikin, sunan mutum ɗaya ne a kan kundin.

Tal National ta Yamai ta bi wata hanya dabam. Hamadal Issoufou Moumine, wanda ake kira Almeida, ya kafa ta a 2000, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye. Kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, sun riga sun tsaya da ƙafarsu a gida: wasa kusan kowane dare na awoyi, bukukuwa, da sayar da faifansu da kansu a bakin titi. Suna da mutane fiye da yadda dandali ɗaya ke buƙata, ta yadda wasu za su tafi yawon ƙasashen waje wasu su ci gaba da wasa a Yamai. A ganina wannan ne misalin da ya fi kusa da mu. Ƙungiya tana rayuwa ne inda akwai wurin da za ta yi wasa a kai a kai, jama'a su biya su shiga. A Arewacin Najeriya irin waɗannan wurare sun yi ƙaranci, saboda dalilai na addini da na tsaro da na tattalin arziki, kuma ban ga alamar za su dawo da wuri ba. Wanda ke son ƙungiya ta rayu a nan, sai ya nemo mata abinci ta wata hanyar.

7.0 Abin da doka ta tanada

Hanya ɗaya da ta rage ita ce haƙƙin mallaka, kuma a nan muna da makami a hannu da ba mu amfani da shi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce sayar da haƙƙin aiki ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan yawancin cinikin baki da aka yi a situdiyo da kasuwa, na na ba ka ka ba ni, ba su raba mai waƙa da waƙarsa a idon doka ba. Dokar ta kuma amince da haƙƙin wanda ya kaɗa ko ya rera, ba wanda ya ƙirƙira kaɗai ba.

Sai batun wa'adi. Ita waƙar, kalmominta da karinta, tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ta Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, za ta kai 2061. Ta Shata, 2069. Ta Gambu, 2086. Idan kuma aiki na haɗin gwiwa ne, daga rasuwar wanda ya yi saura a cikinsu ake fara ƙirga, wanda ke nufin tabbatar da hannun ɗan amshi a cikin waƙa yana da amfani har ga magadan jagora. Naɗin sauti kuwa shekara 50 ne kawai daga fitowarsa. Faya-fayan farkon shekarun 1970 sun riga sun fita daga kariya, na sauran shekarun suna biye, shekara bayan shekara.

Duk wannan ba ya aiki sai da suna, kuma sunayen ne ba mu rubuta ba. Saboda haka ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi na Kebbi da Sakkwato da Zamfara, da su sa ɗalibansu aikin da ya fi sake nazarin jigo da salo a waƙar da aka riga aka nazarta sau goma. A tura su Fagada da Yawuri da Argungu da Maradun da Isa, su nemo makaɗa da 'yan amshin da suka rage da rai, su rubuta wa ya kaɗa me, a wace waƙa, a wace shekara, wa ya naɗa, me aka ba su. Masu situdiyo kuma na Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano, su fara sa sunan mai kiɗa da mai amshi a jikin kowace waƙa, da takarda ko da shafi ɗaya ce mai nuna kason kowa. Mafi yawan dattawan da za su ba da waccan shaida sun haura shekara 70, a fara da su.